Ƙishirwa a Bakin Tanda

Tsinke ake ce masa, kuma duk baƙon da ya shigo gidan burodin ya ji an ƙwala sunan, ya waiga ya ga wanda ya amsa, sai ya ɗauka tsiya ake yi. Ba tsiya ba ce. Lokacin da aka laƙaba masa sunan siriri ne na gasken gaske, har sai da ya huda wa bel ɗinsa sabon rami da ƙusa kafin wando ya zauna. Yanzu kuwa in tela ya zo awon rigunan aiki, tasa ce ake ƙara wa yadi. Wuya ya haɗe da haɓa, tumbi yana riga shi shiga ƙofa, in ya sunkuya ɗaura takalmi sai ya ɗan huta kafin ya ɗago. Suna dai ya riga ya bi shi, ba wanda ya ga dalilin canzawa, shi ma bai nema ba.

Aikinsa tanda, tun yana saurayi. Shi ke hura ta da asuba, shi ke jera gwangwanayen kwaɓi a cikinta da doguwar sandar nan mai faffaɗan baki, shi ke zaro su in sun yi. Tandar bulo ce ta itace, mai halin tsiya, wani lokacin ta ci gefen dama ta bar na hagu ɗanye. Abu ɗaya ya kamata a sani game da aikin nan: ba a barinsa. Mai kwaɓi yana iya kashe inji ya je ya dawo. Matan da ke sa burodi a leda suna iya hira har su manta da kansu. Amma burodi in ya shiga wuta, wanda ya sa shi yana nan tsaye, gumi yana bin bayansa, har sai ya fito.

Akwai kuma abin da ba wanda ya sani a gidan burodin sai tsohon maigidan, shi kuwa ya tafi da shi kabari. Shekaru fiye da goma da suka wuce, lokacin suna zaune a wata unguwa can ƙetaren gari, Tsinke ya yi ciwon da mutane ba sa faɗin sunansa sai sun sassauta murya. Ya fara da rashin barci da surutu ba ƙaƙƙautawa. Daga nan ya kwashi kwanukan matarsa da katifarsu ya rarraba wa masu wucewa, wai an ba shi arzikin da ba ya ƙarewa. Ranar da abin ya kai maƙura, ya tsaya a tsakiyar mahaɗar titi ba riga, yana ba motoci hannu, yana yi wa direbobi jawabi, yara suna yi masa tafi. A asibitin ƙwaƙwalwa hankalinsa ya dawo. Bayan an sallamo shi kuma abin ya juya, ya yi watanni a kwance yana kallon bango, ko wanka sai an roƙe shi. Likitoci suka ce ciwo ɗaya ne, in ya gama ɗaga mutum sama sai ya sako shi ƙasa. Suka ɗora shi a kan wata ƙwaya da ake kira litiyam, suka ce kullum ne, ba fashi.

Kada a ci amanar magani, ya yi aiki. Tsinke ya dawo mutum, yana barci, yana cin abinci, yana tambayar yara abin da aka koya musu a makaranta. Unguwar ce ba ta warke ba. In ya yi dariya da ƙarfi a majalisa sai a kalli juna. In ya tsawata wa ɗansa, maƙwabciya ta leƙo ta tambayi matarsa ko abin ne ya motsa. Mahaucin da suka tashi tare kuwa, in ya hango shi tafe, sai ya janye wuƙa ya tura ƙarƙashin tebur, yana yi yana murmushi. Wannan wuƙar ce ta tashe su daga unguwar. Tsohon maigida, Allah ya jiƙansa, ya riƙe masa aikinsa, ya ce wa ma'aikata taifot ne ya kwantar da shi. Ma'aikatan wancan zamani suka watse ɗaya bayan ɗaya, maganar ta mutu. Tsinke ya rantse a ransa, ko za a yanka shi, ba wanda zai ƙara yi masa irin wannan murmushin.

Sai dai litiyam ba ya aiki kyauta. Yana karɓar ladansa, kuma a jiki yake karɓa. Ƙishirwa ce ta fara zuwa, irin wadda in ka sha kofi ka ajiye, kafin ka goge baki ta dawo. Abin da ya shiga kuma ba ya zama. Likitarsa ta ce maganin yana hana ƙoda riƙe ruwa yadda ta saba, shi ya sa mara ke cika kafin a je ko'ina. Sai ƙiba ta biyo baya a hankali, kamar kwaɓi yana tashi, ba don yana cin wani abin kirki ba. Wata shekara ya riƙa jin kasala da sanyi, mutumin da ya wuni gaban wuta ya dawo gida yana neman bargo. Aka gwada jini aka ce wata 'yar halitta ce a maƙogwaro, wadda in ta kumbura ake cewa maƙoƙo, maganin ya sa ta lalaci, aka ƙara masa wata ƙaramar ƙwaya da za ta cike gurbinta. Ga kuma 'yar rawar hannu, wadda ba ka lura da ita sai yana riƙe da kofin shayi.

Rayuwarsa ta koma lissafin bayi. Ya san duk wanda ke tsakanin gidansa da wurin aiki, na gidan mai, na bayan kasuwa, da na wani gareji da maigadinsa ke kawar da kai. Ya daina doguwar tafiya a mota. In an yi taron iyaye a makarantar yara, kujerar bakin ƙofa ce tasa. Matarsa, wadda ke ɗinkin kayan yara a gida, ita ke buɗe masa ɗinkin wanduna ta mayar cikin durowa, ba ta taɓa cewa ya ƙara ƙiba ba, shi ma bai taɓa cewa ya lura ba.

Likitar mace ce mai faɗa, ba ta iya rarrashi ba, amma ba ta ɓoye komai. Duk zuwan da zai yi a ɗebi jini, a duba yawan maganin da lafiyar ƙoda, sai ta maimaita masa karatu ɗaya.

"Malam, ruwa shi ne abokin tafiyar maganin nan. In jikinka ya bushe, maganin zai taru a jini ya koma guba. Kai da kake aikin wuta, ka sha, ka ƙara sha. Kada wani ya ce ka daina cin gishiri don ka rame, kada kuma ka sayi maganin ciwon jiki a kemis ba ka tambaye ni ba. Ka ji?"

"Na ji, Likita."

Ya ji kuwa, kada wani ya ce daga baya bai sani ba. Shi ya sa kullum yake zuwa aiki da wata farar jarka, ya ajiye ta a inuwar tulin itace, ya yi ta kurɓa har a tashi.

Abokin aikinsa na kusa shi ne mai kwaɓi, wanda ake ce wa Rediyo don in aka kunna shi da safe sai an tashi aiki. Mutumin kirki ne, in ɗanka ba shi da lafiya shi zai fara zuwa dubiya, amma bakinsa ba ya ganin abu ya ƙyale.

"Jama'a, a daina neman burodin da ke ɓacewa," in ji shi, yana buga cikin Tsinke da bayan hannu, fulawa tana tashi. "Ga sito nan."

Da ya lura da yawan shan ruwa da zaryar bayi, sai ya yanke hukunci ciwon sukari ne, bai huta ba sai da ya ja Tsinke kemis aka soki yatsa. Aka ce sukari lafiya lau. Tsinke ya ji haushin sakamakon nan ƙwarai, don da an samu, da ya yi dacen ciwon da ake faɗa a gaban mutane a ce maka sannu. Rediyo ya ce, "To, ba sukari ba, ba juna biyu ba, sai dai mu ce daɗin aure." Aka yi dariya, shi ma ya taya.

A zamanin tsohon maigida zaryar ba ta dami kowa ba. Bayin yana bayan ɗakin fulawa, ƙofarsa a buɗe, in tsohon ya ga Tsinke yana mutsu-mutsu sai ya taso daga kujerarsa ya karɓi sandar. Da ya rasu ɗansa ya gaje shi, wanda ma'aikata ke ce wa Ƙarami a bayan idonsa. Ƙarami ba mugu ba ne, yaro ne mai son a ce ya gyara. Duba-gari suka zo suka tarar masu sarin burodi da 'yan babur sun mai da bayin na kowa da kowa, suka yi masa tatas. Washegari ya sa kwaɗo, ya rataye makullin a ofishinsa, kuma don kada wani ya tafi da shi a aljihu, ya ɗaure shi a jikin wani tsohon gwangwanin burodi. Duk mai uzuri sai ya ƙwanƙwasa ofis, ya ce yallaɓai makulli, ya ratsa tsakar gida gwangwani yana ƙara, ya wuce matan leda, ya dawo ya mayar.

Ga wanda ke zuwa sau ɗaya a wuni wannan ba komai ba ne. Tsinke kuwa kullum sai ya sha kunya ya ƙoshi. Dattijo mai manyan 'ya'ya, ya tsaya gaban yaron da ya taɓa ɗauka a kafaɗa yana neman izinin fitsari, ya dawo, kafin zubi na gaba ya fito ya sake komawa. Ƙarami ya fara da miƙo makullin, ya koma nuna shi da baki, ya koma duban agogo. Matan leda in sun ji ƙarar gwangwani sai su sunkuyar da kai, kafaɗunsu suna rawa. Rediyo kuwa ya ce jirgin ƙasa ya taso, a ba shi hanya.

Wata rana ya je ofis ya tarar Ƙarami ya raka baƙo ya kulle. Ya dawo bakin tanda ya tsaya, ya matse, ya canza ƙafa, ya karanto duk addu'ar da ya sani. Burodi yana ciki, saura kaɗan. Yana cikin zarowa, ya miƙa hannu can ƙuryar tanda, sai ya ji ɗumi yana bin cinyarsa. Ba shi da yawa, amma wandon aikin fari ne. Abin da ya zo masa shi ne ya ɗauki jarkar ya ɗaga kamar zai sha, ya bari ta kwarara a jikinsa tun daga ƙirji. Rediyo ya ce, "Yau kuma wanka ake yi da ita?" Ba wanda ya gane. Amma shi ya sani, ya ƙarasa wunin yana jin kamar kowa shinshinarsa yake yi. Layin burodi na ƙarshe ya ƙone, bai ma ji ƙaurin ba.

A hanyar gida ya yanke shawarar da shi kansa ya san ta banza ce. Abin da bai shiga ba ai ba zai nemi fita ba. Zai bar shan ruwa tun daga asuba har a tashi, in ya dawo gida ya rama. Jarkar kuwa yana fita da ita a cike don kada matarsa ta tambaya, in ya kai bakin layi ya juye ta a kwata don kada ta jarabce shi.

Kwanakin farko ya ji daɗin dabararsa. Zaryar ta ragu, ko da yake ba ta tsaya ba, don ba a yi shawarar da ƙoda ba, ta ci gaba da zubar da ɗan abin da ta samu. Ga zafin gari, ga wuta. Leɓɓansa suka tsage, harshe ya bushe, kai yana sara. Ƙwayar kuwa bai fasa ta ko sau ɗaya ba, don barin ta ya fi mutuwa ba shi tsoro. Haka ya yi ta zuba magani a jikin da ke bushewa. Cikinsa ya lalace, ya ce wani abu ya ci. Rawar hannun ta ƙaru har cokali yana buga masa haƙori, ya koma cin abinci a ɗaki shi kaɗai. Matarsa ta ce su je asibiti, ya ce ai ranar ganin likita ta kusa.

Ranar da asiri ya tonu, ko kuma a ce ranar da aka tono wanda ba nasa ba, da hantsi ne, tsakar gida cike da masu sari suna jiran zubi na biyu. Tun da safe yake jin ƙasa tana gocewa a ƙarƙashinsa. Ya zura sanda ya ɗauko gwangwanaye, hannun ya yi wata irin fizga, suka watse, burodi mai zafi yana gangarawa cikin toka. Ya sunkuya zai tsince, ya tafi gaba ɗaya, ya dafa bango ya miƙe, ya nufi dama ƙafa ta kai shi hagu. Ƙarami ya fito daga ofis.

"Baba Tsinke, me ke faruwa?"

Ya buɗe baki zai ce ba komai yallaɓai, jiri ne. Ba abin da ya fito ke nan ba. Harshen ya yi nauyi, kalmomin suka fito a narke suna hawa kan juna. Ya sake gwadawa, ya fi na farko muni. Sannan ya juya ya yi amai a gindin itace, gaban matan leda, gaban masu sari.

Wani ɗan babur ne ya fara faɗa, shi da ya saba ganin irin tafiyar nan a bakin tasha.

"Wannan ai a buge yake."

Nan take kowa ya tuna abin da ya daɗe yana gani. Ga tumbi, ga fitsari ba iyaka, ga rawar hannu, ga jarkar da ba ya rabuwa da ita. Rediyo ya ɗauko ta ya girgiza, ba komai a ciki da hantsin nan. Ya shinshina bakinta ya yamutsa fuska. Tsohuwar jarka ce, warin roba kawai take yi, amma hancin da ya riga ya yanke hukunci ba ya rasa abin ji.

"Innalillahi," in ji Rediyo, kuma da gaske idonsa ya kawo ruwa. "Shekara da shekaru ina tsaye kusa da kai."

Tsinke yana ji, yana gane komai, wannan ne ma babban baƙin cikin. Aka cicciɓe shi aka sa a bayan motar rabon burodi, aka sauke shi a ƙofar gidansa.

Matarsa ta dube shi sau ɗaya ta ɗauko mayafi. Ba ta tsaya sauraron direban da ke ta kame-kamen yadda zai gaya mata ba. Ta san alamomin nan, likita ta lissafa mata su tun tuni. Kafin azahar yana kan gado a asibitinsu, an ɗebi jini, an ɗaura masa ƙarin ruwa. Maganin ya haura inda ya kamata, nesa ba kusa ba. Aka dakatar da maganin, ledar ruwa tana ƙarewa ana rataya wata, har harshe ya saki, ƙafa ta dawo tasa.

Likitar ta bari sai da ya iya zama sannan ta zo da faɗanta. Ta ce ƙodarsa ta sha wuya, da alama dai za ta farfaɗo. Ta ce wasu a haka suke rasa tasu, wasu kuma tangaɗin ba ya barinsu har abada. Ta tambaye shi me ya faru. Ya gaya mata yana kallon zanen gado, har maganar wandon, wadda matarsa ba ta taɓa ji ba sai a lokacin. Likitar ta ajiye faɗan.

"Za mu mayar da kai kan maganin a hankali, mu rage shi, ka riƙa sha sau ɗaya kafin ka kwanta, wataƙila fitsarin ya yi sauƙi. Amma ruwa ba fashi. Ba ni lambar maigidan naka in kira shi. Magana ce gajera: ma'aikacinka yana shan magani, yana bukatar ruwa da bayi."

"Zai tambaya maganin mene ne."

"Sai in gaya masa, in ka yarda."

"Zai tambaya daga wane asibiti kike."

"Malam, ciwo ne kamar kowane ciwo."

"A nan ciki, Likita," in ji shi. "A nan ciki haka ne."

Ana sallamarsa Rediyo ya zo gida da saƙo. Ya ɗosana a bakin kujera, yau rediyon ba batir. Ya ce an yi ta tambayar inda aka kai shi, an ce yana wajen 'yan'uwa, kowa dai ya fahimci abin da ya fahimta. Ƙarami ya ce ɗayan biyu ne. In ciwo ne, a faɗi asibitin, shi da kansa zai je ya ga likitan, don ba zai bar wuta a hannun wanda bai san lafiyarsa ba. In kuwa abin da ake zato ne, ya zo ya faɗa da bakinsa a gaban ma'aikata, ya yi alkawarin bari, zai mayar da shi albarkacin mahaifinsa.

Baƙon yana fita matar ta ce, "Sai ka kai Ƙarami wajen likita."

"Ba zan kai shi ba."

"To ka ce ƙoda ce. Ai ba ƙarya ka yi ba."

"Ya je ina ya ga likitan ƙodar? Allon da ke ƙofar asibitin nan, wanda bai yi makaranta ba ma ya san abin da aka rubuta."

"Baban yara, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mutanen nan sun san ka, a kwano ɗaya kuke ci."

"Mahaucin nan ma ya san ni."

"To me za ka ce musu?"

Ta dubi fuskarsa, ta kuwa gane. Ta ce, "Kai da ko warin giya ba ka sani ba."

"Mashayi in ya tuba rungumarsa ake yi, a ce Allah ya shirye shi. Kin taɓa jin an ce mahaukaci ya tuba? Ko ya shekara ashirin lafiya, jira ake yi."

Wannan ne karo na farko da aka faɗi kalmar a gidan. Ta ce masa zunubi ne mutum ya yi wa kansa ƙazafi, ta ce ya tuna yana da 'ya'ya. Ya ce 'ya'yan yake tunawa, gara a ce ubansu ya taɓa sha da a ce abin yana cikin jininsu. Ta tashi ta shiga kicin, ya ji tana wanke kwanukan da ta riga ta wanke.

Da safe ya sa rigar aikinsa ya tafi. Ƙarami ya sa aka kashe injin kwaɓi, ya tara kowa a tsakar gida, har direba. Tsinke ya tsaya a tsakiya, hannuwansa a baya don kada a ga rawar. Ya yi zaton ƙaryar za ta yi masa wuya, sai ya ga ba sai ya nemo kunya ba, da ita ya zo, suna kawai ya canza mata. Ya ce ya zo neman gafara. Ya ce abin da suka gani haka ne, shaiɗan ne da miyagun abokai. Ya ce ya bari, ba zai ƙara ba. Muryarsa ta karye a tsakiya, hawaye suka zubo, hawayen kam na gaskiya ne.

Abin da ya biyo baya ya fi duka ciwo, don alheri ne. Babbar cikin matan leda ta ce wanda ya tuba kamar bai yi ba ne. Direba ya kama hannunsa da hannu biyu. Ƙarami, wanda bai taɓa tsammanin dattijo zai yi kuka a gabansa ba, ya rasa yadda zai yi, ya ce ya ji ana cewa mai barin abin nan yana bukatar ruwa da yawa ya wanke jikinsa. Saboda haka ya sha iyakar shansa, sai dai kullum da safe ya kawo jarkar ofis a buɗe a shinshina. Makulli kuma a ciro shi daga ofis a rataye a bakin tanda. Rediyo ya ce shi zai riƙa karɓar sanda duk lokacin da bukata ta taso. Abin da Tsinke ya kusa mutuwa bai iya roƙa ba, ga shi an ba shi duka a tsaye, a matsayin tubabben mashayi.

Da rana, suna jiran zubi ya yi, Rediyo ya matso ya dafa kafaɗarsa, batir ya dawo.

"In gaya maka gaskiya, ni hamdala na yi da ka ce sha ne. Ranar nan da na ga idonka da yadda kake magana, gabana ya faɗi, na ce ko taɓuwa ce. Akwai ƙanen babana da ya yi irinta, har yau in ya zo gidanmu sai an tattara yara. Da ita ce, wallahi ɗan'uwa, duk son da nake maka ba zan iya juya maka baya a gaban wutar nan ba. Amma sha? Kowa da tasa jarrabawar."

"Haka ne," in ji Tsinke.

"Ka gode wa Allah."

"Na gode masa."

Ya zura sanda cikin tanda, ya daɗe yana gyara gwangwanin da ba ya bukatar gyara. Ya sami shaidar cewa dabararsa daidai ce, kuma bai taɓa jin ƙasƙanci irin na lokacin ba.

Da la'asar ya doshi gida. A ƙofa ya ci karo da mata suna fitowa, matar Rediyo a gaba, maƙwabta a baya. Suka gaishe shi a ladabce, idonsu a ƙasa, ɗaya ta ce Allah ya ƙara shirya mu baki ɗaya. Labari ya riga shi isowa.

Ya tarar da matarsa a falo, zaune a ƙasa, kofunan baƙi ba a kwashe ba. Ya zauna a kujera ya ce an mayar da shi. Ya ba ta labarin makulli da na ruwa. Sannan ya maimaita mata abin da Rediyo ya faɗa, bai rage komai ba, don ta ga ba a banza ya yi ba.

"To ka tsira," in ji ta. "Barka."

"Ba ni kaɗai ba. Mu duka."

"Ka san abin da suka zo yi? Jaje suka zo yi mini. Matar abokinka ta ce ashe haka nake zaune cikin haƙuri ban taɓa faɗa ba. Waccan ta tambaye ni ko kana duka in ka sha. Na ce a'a, ta ce in gode wa Allah." Ta ɗago ta dube shi. "Ranar da ƙannena suka ɗaure ka suka sa a mota, ni na bi bayanku riƙe da takalmanka, unguwa duka ta fito kallo. Ban sunkuyar da kai ba. Mijina ba shi da lafiya, me na yi? In na haɗu da wanda na sani a ƙofar asibitin nan, gaishe shi nake yi. Yau na fara jin kunyar zama matarka, kuma a kan abin da ba ka yi ba."

Muryarta ba ta tashi ba. Ta ci gaba da maganar 'yarsu ta fari da za ta ji a makaranta, da ɗansu da zai ji a filin ƙwallo, da abin da za ta ce wa mahaifiyarta. Ya so ya ba ta haƙuri, sai ya tuna wuni aka yi ana ba ta. Ya ƙudurta zai zauna ya saurara har ta gama, ko wannan kaɗai ya yi mata. Amma yau ya sha ruwa yadda likita ta ce, tun daga bakin layi mararsa take cike. Ya matse, ya gyara zama, ya ƙara matsewa. Tana tsakiyar magana ya miƙe ya ce yana zuwa.

Da ya dawo, ba kowa a falon.